Ranar da Jakin Baba Tanko Ya Yi Shiru

Duk wanda ya san Baba Tanko a Garwa ya san ba ya rubutu a takardar ofis. Takardar buhun siminti yake yankawa, ya goge ƙurar da hularsa, ya yi rubutu a kai. In ka miƙa masa farar takarda sai ya ce, "Wannan ta manya ce, 'yata. Jakina ba ya magana a kanta."

Jakin nan na zane ne. A zamanin Ahijo, ofishinmu na wayar da kan manoma yana karɓar majigin zane daga Yawunde, ba murya ba komai. Mu biyu muke rubuta abin da jakin zai faɗa, shi da Hausa, ni da Fillanci, mu karanta a lasifika a ƙauyuka. Direba yana da katin sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, mai kunna inji ma yana da shi. Mu kuwa babu. Ga ni da cikin wata shida, kuma darakta ya faɗa mini ƙiri-ƙiri: marar kati ba ta da hutun haihuwa, ranar da na kwanta ranar zai ba wata kujerata. Wallahi tuwo ma ya daina shiga mini.

Baba ya ja ni sai ofishin sandika. Sakataren ya duba littafinsa sama da ƙasa, ya ce, "Mai sa jaki magana? Babu wannan aikin a nan. Ku ba ma'aikata ba ne, masu hira ne. Amma kai dattijo ne, zan iya rubuta ka masinja."

Baba ya ce, "Masinja! Ita fa?"

"Masinja ɗaya ake ɗauka."

Baba ya miƙe ya karkaɗe riga. "To ka rubuta jakin, ya fi ni sauri."

Sati biyu bayan nan muka kai majigin feshin auduga wani ƙauye a hanyar Rey Buba, ga sufurefe, wato babban jami'in gwamnati na gundumar, da kansa a kujerar gaba. A majigin, jaki ya ci ganyen da aka fesa wa magani, ya faɗi. A nan ne Baba zai ce a ɗaure dabbobi nesa da gona. Aka kunna. Baba ya ajiye lasifika a cinyarsa, ya ɗauko goro. Na kai hannu zan ɗauki lasifikar, ya buge mini yatsu. Jaki ya ci, ya yi tangaɗi, ya baje ƙafafu sama, ba wanda ya ce uffan.

Sai wani tsoho ya tashi: "Ashe maganin kashe jaki kuka kawo mana! Ku kwashe kayanku!" Kafin ka ce kwabo manoma sun tara famfunan feshin da aka raba musu a gaban sufurefe.

Sufurefe ya juyo wajen Baba, ido ja wur. "Kai, yajin aiki kake yi?"

Jama'a, kun san wancan lokacin. Wannan kalmar kaɗai tana iya sa a nemi mutum a rasa. Na fara addu'a da harshen uwata, 'yar mutanen kan dutse.

Baba ya gama tauna goronsa tsaf. "Ranka ya daɗe, ina ni ina yaji? Yaji sai ma'aikaci. Ni sandika ta ce mai hira ne. Yau kuma ba na jin hira."

Can sai sufurefe ya fashe da dariya har yana dukan cinya. Ya ce a sake kunnawa, a yi wa mutane bayani, gobe kuma sakataren sandika ya same shi a ofis. Ranar Alhamis katuna biyu suka iso, an rubuta "marubuci" a kan kowanne. Na shiga bayan kantar ofis na yi kuka son raina.

Na haihu lafiya, na yi hutuna cikakke. Ranar da na koma, na tarar da kujerata ɗaure tamau da igiya a ƙafar teburin Baba. Na ce, "Haba Baba, ba ga kati ba?"

Ya ce, "Kati takarda ce, 'yata. Na dai ƙara masa igiya."

Mai shara ya ce mini wata uku Baba bai bar kowa ya zauna a kanta ba, har darakta.

Allah Ya jiƙan Baba Tanko. Yadda ya tsare mini wurina, Allah Ya tsare masa nasa a Aljanna.