Hannun Hagun Yagana

Ranar wata Litinin ce, lokacin da tattasai ya fara ja a gonakin bakin kogin Komadugu, shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare a Diffa, malamarmu Madam Rabi ta shigo aji da ƙaramar ƙwallo a hammata da takardar jarida a hannu. Ta manna takardar a gefen allo da ƙaro, ta ja baya ta bar mu muna kallo. Hoton wata Baturiya ne cikin riga ruwan lemo, ta daka tsalle har ƙafafunta sun bar ƙasa, ƙwallo a hannunta na hagu. Madam ta faɗi sunanta har sau uku, harshenmu ya kasa juya shi, da yake 'yar ƙasar Holan ce sai muka sa mata 'Yar Holan.

Madam Rabi 'yar Damagaram ce, ta yi ƙwallon hannu lokacin tana kwaleji, kuma ba ta daina bin wasan a talabijin ba. Duk ranar da muka gama lissafi da wuri, tukuicinmu labarin 'Yar Holan ne. Daga bakinta muka ji cewa a ƙungiyar wani ɗan ƙaramin gari ta fara, tana hawa keke cikin ruwan sama ta je wajen horo. Daga nan wata babbar ƙungiya ta ɗauke ta, sai wata a Jamus, sai kuma Denmak, inda ta sauka ba ta san ko gaisuwar mutanen ba. Aka kira ta ta buga wa ƙasarta, ana cikin haka gwiwarta ta goce, ta daɗe a zaune kafin ta dawo fili. Mu da yawancinmu ba mu taɓa wuce garin Maine ba, sai ga mu muna jera ƙasashen nan kamar unguwannin garinmu. "Ba ta fi ku hannu ba," Madam takan ce, "zuwa fili ta fi ku."

Filin namu kuwa bayan azuzuwa yake, kusa da itatuwan bedi. Da toka muke ja masa layi, kowace yarinya ta ƙunso daga murhun gidansu, ragar kuma tsofaffin bututun injin ban ruwa ne aka kafa. Kafin in samu izinin fita da la'asar sai na cika randuna, na wanke tukwane, na ba awaki dusa. Muna isa mu zubar da takalma, mu ɗaure zane bisa wando, mu yi ta guje-guje har a kira magariba.

A shekarar ne Yagana ta shigo ajinmu. Daga ƙetaren kogi suka gudo, ita da mahaifiyarta Ya Falmata da ƙannenta uku, suka kafa rumfar zana a bayan gidanmu. Ba ta jin Faransanci, in ta gwada sai 'yan aji su kwashe da dariya, don haka ta koma bencin baya ta yi gum. Wata rana ƙwallo ta gangara gindin bedi inda take zaune. Ta ɗauka da hagu ta wurgo mana, sai ji muka yi bututun raga ya yi ƙara, Bintu mai tsaron gida ta duƙe tana salati. Ashe a gonar shinkafar mahaifinta ta saba korar tsuntsaye da curin laka tun tana ƙarama. Madam ta riƙe baki ta ce, "To ga tamu 'Yar Holan nan." A hanyar gida Yagana ta tambaye ni da Barbarci, murya ƙasa-ƙasa, "Ita ma a Denmak ɗin dariya suke mata in ta yi magana?" Ban sani ba, amma na ce mata eh, har sai da suka ga hannunta.

Da aka sa mana ranar karawa da wata makaranta ta cikin gari, sai ta faɗo daidai da tsinkar tattasai. Ya Falmata ta karɓi aikin tsinkar wata gona, da shi take ciyar da yaranta, kuma mai gonar yana so a gama kafin ranar Laraba, ranar wasanmu. Yagana ta daina zuwa fili. Madam ta je har rumfarsu ta gaishe ta, Ya Falmata ta shimfiɗa mata tabarma, ta saurare ta tsaf, sannan ta ce, "Malama, ba ƙi nake ba. Hannu huɗu gare mu, in biyu suka tafi wasa, me yaran nan za su ci?" Madam ta dawo ta faɗa mana yadda suka yi. Bintu ce ta ce ai mu ma muna da hannu.

Asabar da Lahadi mu goma sha ɗaya muka dira gonar da kwanduna. Tun hantsi muke duƙe cikin kunyoyi, muna tsinka muna kai wa wajen shanya, inda tattasai ya rufe ƙasa ja wur. Muka yi ta atishawa, wadda ta manta ta murza ido ta yi ta hawaye muna mata tsiya. Bayanmu ya riƙe, yatsunmu suka yi zafi, amma kafin la'asar ɗin Lahadi ba sauran ja a gonar. Ya Falmata ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta goge fuska da bakin mayafi ta ce, "Ku tafi da ita, amma ku dawo min da ita da ƙafafunta."

Ba mu ci wasan ba. Da ci ɗaya aka fi mu, kuma ni ce ƙwallon ƙarshe ta kuɓuce wa. Sai dai Yagana ta yi abin da har 'yan ɗaya makarantar suka tafa mata, tana tashi sama tana sakin hagun nan, tana kiran sunayenmu da ƙarfi kamar ba ita ba. Can bakin shinge kuma ga Ya Falmata da goyo a baya. Ba ta san dokar wasan ba, don haka duk sanda ƙwallo ta taɓa hannun 'yarta sai ta rangaɗa guɗa, ko an ci ko ba a ci ba. Ina kuka a kan kuskurena, Yagana ta rungumo ni tana dariya, ranar na fara ganin wushiryarta.

Bayan damina suka koma gida, Madam ma aka yi mata canjin wurin aiki. Bayan shekaru da yawa na ga a waya 'Yar Holan ta ajiye wasa, 'yan ƙasarsu sun miƙe tsaye suna mata ban kwana, na tura wa Yagana. Ta amsa da saƙon murya, ana jin kukan jaririyarta, ta ce a garinsu ba wanda ya san ta taɓa riƙe ƙwallo. Yaran yanzu suna kallon wasa sukutum a tafin hannunsu, abin da mu sai dai a ba mu labari, amma an gina sababbin azuzuwa a kan filinmu. In na bi ta bakin makarantar da la'asar nakan rage tafiya, ko zan ji ihun 'yan mata. Har yau ban ji ba.