Makarantar da Kaka Ta Zaɓa da Kunne

Yau da safe zuma ta ɗiga mini a kan littafin lissafi. Na duba hagu, na duba dama, ba kowa, sai na sa harshe na lashe. Kafin zaƙin ya kai maƙogwaro na tuna shekarar da kakata, wadda Turancinta bai wuce na gaisuwa ba, ta zaɓa wa ɗan Yahudawa makarantar Ibrananci. Kada ka yi dariya tukuna, mai karatu, dariyar tana gaba.

A Beltsville muke zaune, a irin gidajen nan da ake jerawa kafaɗa da kafaɗa, bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci. Bangon namu kuwa, in ka kira shi takarda ka yabe shi. In an yi atishawa a can, mu muke yin sannu a nan. Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo daga Kano lokacin da aka haifi ƙanwata, wai ganin jaririya kawai za ta yi ta koma. Yanzu jaririyar har ta iya rashin kunya, Kaka tana nan.

Bayan bangon mutum uku ne. Akwai abokina, sa'ana, wanda muka fasa tagar mutane tare tun kafin mu san tsawon hannunmu. Akwai mahaifiyarsa, ma'aikaciyar jinya a asibitin da Mama take aiki a Largo. Sai kakansa, dogon tsoho mai 'yar hula a tsakar ka wadda ba ta kai murfin kofi ba. Da zafi ya shigo, shi da Kaka sukan zauna a baranda da yamma, ita tana Hausa, shi yana Turanci, kowa yana gyaɗa kai. Na taɓa kasa kunne. Ita tana ba shi labarin ciwon gwiwa, shi yana ba ta labarin ƙwallo, suka rabu kowa ya gamsu.

Ni Kaka take kira maigida, kamar yadda kakanni suke tsokanar jikoki. Amma ranar da abokina ya cinye ƙosanta da yaji bai nemi ruwa ba, ta ce ta sake ni, ta yi sabon ango. Har yau ango take ce masa.

To, a al'adarsu, in yaro ya cika shekara goma sha uku, sai ya tsaya gaban jama'a a wurin ibadarsu ya karanta wani sashe na littafinsu mai tsarki da Ibrananci, da irin rerawarsu. Daga ranar ya shiga sahun manya. Don haka suke da makarantu na ranar Lahadi da yammacin tsakiyar mako, kamar dai Islamiyyarmu. Matsalar ita ce abokina yana da in'ina. In muna wasa, bakinsa ya fi rediyo. Amma da zarar wuri ya yi tsit, idanu sun dawo kansa, sai harshensa ya ɗaure kamar an sa masa kwaɗo. An taɓa sa shi a wata makarantar, ya ƙare zangon a ɓoye a banɗaki. A lokacin muna shekara sha ɗaya, ya rantse ba zai sake zuwa ba, ba kuma zai tsaya gaban kowa ba.

Tsohon bai yi faɗa ba. Barandar kawai ya daina fitowa. Kaka ta zauna ita kaɗai da kujera biyu har ganyen bishiyoyi suka fara ja suna zubowa, sannan ta tambayi Mama abin da ya faru. Mama ta ce tsohon ba shi da burin da ya wuce ya ji jikansa ya yi wannan karatu, ga shi kuma kullum ƙarfinsa raguwa yake. Mahaifiyar yaron tana ta duba makarantu a waya, ta rasa wadda za ta ɗauka.

Kaka ta ce, "A waya? Makaranta ce ko takalmi? Ku ce mata da ni za a je."

Haka aka yi. Ranar Lahadi muka cika mota, ni ne tafinta, wanda ke nufin na tsallake Islamiyya da izinin hukuma. Ban taɓa jin son Yahudawa irin na wannan safiya ba.

Makarantar farko tana can wajen Rockville. Gini ne na gilashi, kafet ɗinsa in ka taka sai ƙafarka ta nutse har idon sawu. Ko'ina ƙamshin sabon fenti. Kowane yaro da kwamfutar hannu a gabansa, da abin sauti toshe a kunne. Mahaifiyar abokina sai murmushi take. Kaka kuwa ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗaga mayafi daga kunnenta, ta saurara, ta saurara, sannan ta jawo ni.

"Maigida, tambaye su, wa ya rasu?"

Na ce ba wanda ya rasu, karatu ake.

"To ina karatun? A unguwarmu tun daga bakin titi kake sanin akwai makaranta."

Ban fassara wannan ba, don matar da take zagayawa da mu tana da kirki, har ruwan lemo ta ba mu. Ta kai mu wani aji inda malami yake tayar da yara ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta layinsa sauran suna shiru. Na waiwaya in tsokani abokina, sai na ga fuskarsa ta yi fari fat, idonsa yana neman alamar banɗaki. A mota Kaka ta yi ta jan carbi.

Ta biyun ba a ma yi niyyar zuwa ba. Wata ƙaramar majami'ar Yahudawa ce a gefen Greenbelt, makarantar tana ɗakin ƙasa, mahaifiyar abokina ta ce tunda hanya ce a leƙa. Tun ba mu kashe mota ba muka ji su. Na ɗauka faɗa ake. Wani irin amo yana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, har tsuntsayen wurin sun yi ƙaura. Kaka, wadda ke ɗaukar rabin yini kafin ta sauko daga mota, ta riga kowa isa matakala.

Ɗakin yana warin tsohon littafi da rigunan sanyi masu laima. Akwai bokiti a kusurwa yana tarar ɗigon ruwa. Wata 'yar gajeruwar tsohuwa ce malamar, tana buga tebur da tafin hannu, yara kuma duk sun buɗe maƙogwaro a lokaci ɗaya, suna rerawa suna rangaji gaba da baya. Kaka ta dafe ƙirji.

"Ka gani? Har rangajin irin namu!"

Mun yi sa'a ranar ce ƙanana suke fara karatu. Malamar ta kawo wani ɗan allo mai haruffansu, ta ɗiga zuma a kan kowane harafi, yaro ya sa yatsa ya lasa, wai don karatu ya shiga da zaƙi. Kaka ta yi dariya har da hawaye. Ta ce su a zamaninsu malam yakan rubuta allo a wanke tawadar a ba su su sha don kaifin ƙwaƙwalwa, ga ɗaci ga warin ƙaro. Ashe akwai masu yin abin da zuma, su aka bar su da tawada. Ni kuwa raina ya ɓaci. Shekara nawa ina Islamiyya, ko ɗigon sukari ba a taɓa sa mini a kan harafi ba.

Daga nan Kaka ta zauna yi wa malamar tambayoyi kamar mai neman aure wa ɗanta. Ta kwance bakin mayafi ta ba ta goro, don a wurinta ba a zuwa gaban malami hannu sake. Baiwar Allah ta ɗauka alewa ce ta gatsa da ƙarfi. Fuskarta ta tattare wuri ɗaya kamar jakar da aka zuge, amma ta haɗiye ta yi godiya. Kaka ta ce wannan mace tana da tarbiyya. Sannan ta ce in tambaye ta ina bulalarta. Na yi ta kame-kame, amma na tambaya. Malamar ta ɗaga kwalbar zuma ta nuna. Kaka ta girgiza kai, ta ce to, kowa da dabararsa.

Mahaifiyar abokina ba ta gamsu ba. A waje ta lissafa wa Mama ta waya: rufi yana yoyo, ba kayan zamani, ga hayaniya kamar kasuwa, yaro mai in'ina ina zai iya da wannan? Kaka ta tambaye ni me take cewa, na faɗa mata. Sai ta kama hannun matar ta mayar da ita bakin matakala, ta nuna mata can bayan aji. Abokina bai biyo mu ba. Yana tsaye jikin bango, yatsansa da zuma, bakinsa yana motsi tare da na sauran yaran.

"Maigida, faɗa wa 'yar nan," in ji Kaka, "ƙanena haka yake. In kowa yana karatu, ba mai jin tuntuɓen wani. A cikin hayaniya harshensa ya warware."

Matar ta daɗe tana kallon ɗanta. Sannan ta sauka ta nemi malamar.

Daga wannan makon gidanmu ya daina zama gida. Kaka ta kafa doka: kullum bayan la'asar ango zai shigo, ni in ɗauki haddata, shi ya ɗauki nasa karatun, mu buɗe murya a lokaci ɗaya, kowa da nasa. In na rage murya ta ce yunwa nake ji ne? Baba yakan dawo daga aiki ya tsaya a ƙofa ya ce ya ɗauka ya shigo tashar mota. Dusar ƙanƙara ta sauka ta narke, furanni suka fito suka bushe, muna nan muna ihu. Da dumi ya dawo, tsohon ya koma kujerarsa a baranda, daidai ƙarƙashin tagarmu, idonsa a rufe, yatsansa yana bin rerawar a kan gwiwa.

Da ya cika shekara sha uku, ranar bikin karatunsa ta faɗo wata Asabar. Kaka ta ɗaura atamfarta ta zuwa suna, muka tafi gaba ɗayanmu. A bakin ƙofa ta tuɓe takalmi, ta harare mu har muka tuɓe namu, don a ganinta ba a shiga wurin ibadar kowa da takalmi. Wasu baƙi da suka zo bayanmu suka ga jerin takalma, suka ɗauka sabuwar doka ce, su ma suka tuɓe. Har da wani mai safa a huje.

Aka kira abokina. Ya hau, ya tsaya gaban doguwar takardar da aka warware masa. Sai wuri ya yi tsit. Irin shirun makarantar gilashi. Ya buɗe baki, harafin farko ya fito, ya sake fitowa, ya maƙale. Na ga kunnensa ya yi ja.

Sai na ji wani sauti a gefena. Kaka ce. Ba ta san kalma ko ɗaya ba, amma muryar karatun ta zauna mata a ka, ta fara rera ta a hanci, tana rangaji. Ta zungure ni da gwiwar hannu, na kama. Malamar ta waiwayo daga sahun gaba, ta gane, ta kama. 'Yan ajinsu suka kama, tsohon ma ya kama da muryarsa mai karkarwa. Cikin wannan amo na ga bakin abokina ya fara motsi. A hankali mutane suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya, bai ma lura ba. Da ya kai ƙarshe, muryarsa ce kaɗai a ɗakin.

Kaka ta rangaɗa guɗar da na tabbata an ji ta a Baltimore. Jama'a kuma suka fara jifan yaron da alewa, don haka al'adarsu take. Kaka ta miƙe za ta kare angonta, sai da Mama ta riƙe ta ta yi mata bayani. Ni dai na samu dama, na auna goshinsa da kyau. Tsohon bai jefa komai ba. Ya taka a hankali har inda Kaka take, ya yi mata doguwar magana da Turanci, ta mayar masa da Hausa, kowa ya gyaɗa kai. Wannan karon na tabbata maganarsu ɗaya.

Yanzu abokina shi ne mai riƙe wa malamar kwalbar zuma ranar Lahadi, kuma in ya fara surutu sai ka roƙe shi ya tsaya. In'inar tana leƙowa wani lokaci, ya jira ta wuce. Islamiyyarmu kuwa ta ci gaba, an raba mana kwamfutocin hannu da abin toshe kunne, ajinmu ya yi tsit. Na kai ƙarar rashin zuma wurin malaminmu, ya ce in kawo haddata tukuna, maganar ta mutu a nan. Gidajen namu biyu ma sun rage amo, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. In shirun ya ishi Kaka, sai ta ɗauki sandarta ta ƙwanƙwasa bangon nan, ta ce, "Ango, wa ya rasu?" Daga can sai ka ji ya buɗe murya.

Littafin lissafin kuwa na lashe shi tas, kuma har yanzu ban ga canji ba. Kaka ta ce ba laifin zumar ba ne, a zuci nake karantawa.