Yayata Da Ta Mayar Mini Da Hannu

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Babbar 'yarta ce ta kira ni. Ina shago, injina yana tsakiyar yankan katako, ƙararsa ta hana ni jin abin da take faɗa, sai na kashe shi. Ta ce, "Kawu, Mama ta tafi." An yi jana'izarta a ranar, bayan azahar.

Yaya, waɗanda kika koyar da lissafi a makarantar sakandare suna da yawa, kuma tun ranar rasuwarki suke zuwa suna faɗin alherinki. Sun fi ni sanin wannan ɓangaren. Ni ƙanenki ne, kafinta, abin da zan ba da shaida a kai ya faru ne bayan kin ajiye alli.

Da kika yi ritaya kowa ya ɗauka hutawa za ki yi. Sai ga kwalaye an sauke a ƙofar gidanki, cike da ƙarafa da wayoyi da ƙananan kusoshi a leda. Kin ga wani injin sassaƙa a waya, irin wanda ake kira CNC, kika yi odar ɗan ƙarami na masu koyo, wanda bai fi keken ɗinki girma da yawa ba. A zana abu a kwamfuta, a tura masa, bakinsa mai juyawa ya bi zanen ya sassaƙe katako ko roba ko alminiyom. Maigidanki ya leƙa kwalayen ya ce, "Matan mutane in sun yi ritaya kaji suke kiwo." Kika ce, "Kaji sai an ba su ci. Wannan wuta kawai yake sha." Ke kaɗai kika haɗa shi a gareji, kina duba hoto kina ɗaure kusa, har motar gidan ta koma kwana a waje.

Farkon abin bai zo da sauƙi ba. Bakin injin siriri ne, in aka tura shi da gaggawa sai ya karye, kuma kin karya su ba adadi. Ba ki jefar da ko ɗaya ba. Kin tara su a wata kwalbar zuma da ta ƙare, kika ajiye a kan taga, duk wanda ya shigo sai kin nuna masa kin ce, "Ga takardar shaidata." Allon farko da kika yanka na sunan gidanki ne, ya fito harufansa a juye, sai an kai shi gaban madubi ake iya karantawa. Kin yi dariya har da hawaye, kika kuma rataye shi a garejin, kika hana a cire.

Ana cikin haka hawan jini ya kayar da ni. Allah Ya sa ƙafata ta dawo, harshena ma ya saki, amma yatsun hannuna na dama suka ƙi. Hannun da ya riƙe zarto da cizal tun ina saurayi ya kasa riƙe cokali. Na rufe shago. Na shige ɗaki na juya wa ƙofa baya, masu zuwa gaisuwa su yi sallama matata ta ce ina barci. Ban ƙi mutane ba, kallon tausayin da suke wa hannun ne ba na iya ɗauka.

Ke da kika zo ba ki ce mini sannu ba. Kin tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, kika ce, "Kafinta, tashi. Injina yana ɓata mini katako, gefen yankan duk gashi-gashi yake fitowa, na rasa dalili. Ni lissafi na sani, ban san itace ba."

Na ce, "Yaya, da wane hannun zan duba miki?"

Kika ce, "Na ce maka hannu nake nema? Idonka da hancinka ai suna nan. Sa takalmi."

Ba a yi miki gardama tun muna yara. Na bi ki. Da muka shiga garejin na ɗauki katakon da hagu, nauyinsa kaɗai ya gaya mini ɗanye ne, bai bushe ba. Na faɗa miki, kika riƙe baki kamar kin ji sabon abu, kika ce in zaɓo miki busasshe a cikin waɗanda aka jingine. Sai da aka kwana biyu maigidanki ya tona mini asiri: da gangan kika je wajen masu katako kika nemi mafi ɗanyen da suke da shi, har mai sayarwa yana ba ki shawara ki canza. Kin san komai. Hanyar da za ki fito da ni daga ɗakin nan kike nema, wadda ba za ta taɓa mini zuciya ba.

Daga ranar kika zaunar da ni gaban kwamfuta. Ni da ban taɓa riƙe linzaminta ba, ga shi da hagu zan riƙe. In nufi gabas, kibiyar ta yi yamma. Sau da yawa na ture shi na ce a kai ni gida, ke kuma ki yi kamar ba ki ji ba, ki ci gaba da share garin katako. Ba ki fara ni da babbar manhaja mai maɓallai rututu ba. Kin ce irin waɗannan su ke korar masu koyo tun a ƙofa. Wata 'yar ƙarama ta kyauta kika sa mini, kika ce in zana murabba'i. Na ce ni da na yi gadaje da ƙofofi za a ce in zana murabba'i? Kika ce, "Gadajen ma ai murabba'i ne." Bayan zanen kika koya mini yadda ake nuna wa bakin injin hanyar da zai bi da zurfin da zai shiga, da yadda ake saita masa sifili, wato wurin da zai fara lissafi daga nan. Kafin a taɓa katako kuma, kullum sai kin ɗaga bakin sama kin bar shi ya bi hanyar a banza, a ga ko akwai kuskure. Ki ce, "Bari ya sha iska tukuna."

Akwai wani ado na ganye da nake sassaƙawa a goshin gado, wanda masu saye suka san ni da shi. Na yi makonni ina zana shi da hagu. Ranar da injin ya gama yankawa, na ɗaga tsintsiya na share garin da ya rufe shi, sai ga ganyena, yadda hannuna yake yin sa, har da ɗan lanƙwasar da nake wa ƙarshensa. Kika miƙo mini tsumma kika ce, "Garin katakon nan da shiga ido yake." Kika fita kika ja ƙofa. Bayan wata biyu na sake buɗe shagona, da nawa injin. Iyalina daga nan suke ci har yau.

Ba ni kaɗai kika yi wa haka ba. Ranar Asabar garejin ya zama aji, ba rajista ba sharaɗi, sai dai a sa tabarau, a ɗaure katako da kyau, mata su soke mayafi a baya kada injin ya kama, hannu kuma ya zauna kusa da jan maɓallin tsayarwa. Akwai wata tela da ta koyi yanka maɓallan riga na katako, yanzu har wasu teloli suke saye a wurinta. Akwai wani tsohon direban bas, muna ce masa Direba, wanda ranar farko ya zo da hoton zaki ya ce shi zai sassaƙa. Kika ce masa, "Direba, ranar da ka fara koyon mota babban titi aka sa ka?" Ya sosa ƙeya ya zana murabba'insa kamar kowa. In bakin injin ya karye a hannun wani ba kya faɗa. Ki sa shi ya zauna ya gano dalili da kansa, sannan ya jefa guntun a kwalba kusa da naki.

Da ciwon ya yi ƙarfi aka fara kai ki wankin ƙoda, ba ki rufe ajin ba. An sa miki kujera a bakin ƙofar garejin, inda iska take shigowa, daga nan kike kallo. Asabar ta ƙarshe da kika fito, kin ce ni zan koyar. Ana cikin aiki bakin injin ya karye a hannun wata sabuwar ɗaliba, kowa ya juya yana kallonki, ke kuma kika juya kina kallona. Na durƙusa kusa da ita muka bi abin daki-daki har ta gano ta zurfafa yankan da yawa. Ba ki sa baki ba ko sau ɗaya. Da aka watse kika ce, "Kafinta, ka yi saurin gaya mata rabin amsar. Gaba ka ƙara haƙuri." Wannan ne darasi na ƙarshe da kika ba ni, ban kuwa san na ƙarshe ba ne.

A asibiti, ranar da na gan ki ƙarshe, muryarki ta yi ƙasa sosai. Na sunkuyo ina tsammanin wasiyya ce. Ashe tambaya kike ko Direba ya gama zakinsa. Na ce ya gama, sai dai ya fi kama da kyanwa. Kika yi murmushi ido a rufe, kika ce, "Kada ku gaya masa."

Jiya da masu gaisuwa suka ragu, maigidanki ya kira ni gefe. Ya sa mini makullin garejin a tafin hannu ya rufe da nasa. Ya ce, "Kafinta, na sha yi mata ƙorafin ƙarar injin nan. Yanzu shirun gidan ya fi ƙarfina. Ku dawo ranar Asabar." Za mu dawo, Yaya. Ban san yadda zan shiga in ga kujerarki ba kowa ba, amma za mu dawo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, da babbar 'yarta da ƙannenta, da jikokinta, da ɗalibanta na makaranta da na gareji. Ni ma ina cikin waɗanda ake wa gaisuwa, don ita ce ta rage mini a ɗakinmu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta.

Ya Allah, Ka jiƙan yayata, Ka gafarta mata, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ta ɗaga ni a lokacin da na kasa ɗaga kaina, Ka ɗaga darajarta a Aljanna. Ka sa ilimin da ta bari a hannun mutane ya ci gaba da kai mata lada. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.