Ranar da Na Kai Malam Sabon Gari

Shekara shida na yi ina aiki a wani ɗan ofis a Fagge, ɗaki biyu a saman shagon tela, inda muke karɓar mutanen da tashin hankali ya koro daga garuruwansu. Aikina neman 'yan uwan da suka rabu a hanya. Wasu mun haɗa su, da yawa kuma ba mu haɗa ba.

Akwai wani dattijo da ya zo daga gabas, tsohon malamin firamare. A Kano wani Alhaji ya ɗauke shi yana ninke masa atamfa a Kantin Kwari. 'Yarsa yake nema, ita kaɗai ta rage masa, sun rabu ranar da aka ƙona garinsu. Duk Talata bayan Azahar sai ya hawo bene a hankali, ya zauna.

"Hajiya, ko akwai labari?"

"Babu tukuna, Malam."

"To, Allah ya kawo."

Ya kusa shekara biyu yana wannan zuwa.

Wata rana wata mai sayar da abinci a Sabon Gari ta zo wurina. 'Yar ƙabilar Ibo ce, a Kano aka haife ta, kowa Mama yake ce mata. Ta ce ta tsinci wata mace a tasha, ta ba ta ɗaki a gidanta, tana taya ta wanke-wanke. Matar ba ta cika magana ba, amma ta ambaci garinsu. Garin Malam ne. Shekarun da Mama ta kwatanta ma sun yi daidai da na 'yarsa.

Ƙa'idar aikinmu ita ce in fara zuwa ni kaɗai in tabbatar. Ban yi ba. Murna ta ɗebe ni, na je Kwari na same shi a tsakanin dilolin atamfa na ce ya zo mu je. Ya nemi in jira shi ya canza riga.

Muka shiga adaidaita sahu. Duk hanya sai gyara hula yake yi.

Matar tana tsakar gida tana wanke tukwane. Ta ɗago, suka kalli juna, na gane ba ita ba ce. Amma ta san shi. Ta durƙusa ta ce, "Malam, kai ka koya wa ƙannena karatu."

Ya tambaye ta 'yarsa. Ta sunkuyar da kai.

"Tare muka gudu. Kwana huɗu muna tafiya a daji, ga rauni a ƙafarta. A na biyar ba ta tashi ba."

Mama ta kawo masa kujera, bai zauna ba.

"An rufe ta?"

"Mu mata ne muka rufe ta, da itace muka yi tono."

"Kun fuskantar da ita alƙibla?"

"Mun duba inda rana ke fitowa, Malam. Iyakar abin da muka iya ke nan."

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Sai a lokacin ya zauna. Mama ta juya baya tana share ido da gefen zaninta.

A hanyar komawa na ba shi haƙuri, na ce laifina ne da ban fara bincikawa ba. Ya ce, "Da kin bincika ma, ai maganar ba za ta canza ba, Hajiya." Ya sauka a bakin kasuwa ya koma aikinsa, don bai nemi izinin yini guda ba.

Bai sake hawowa benenmu ba. Bayan wata uku na je Kwari nemansa. Alhajin ya ce Malam ya yi sallama ya koma garinsu, duk da an gaya masa hanyar ba ta da kyau. Wai zai je ya nemi inda aka rufe 'yarsa. Na kira lambarsa sau da yawa, a kashe take.