Mailafiya da Tsagaggen Fili

Wanda ya raɗa wa Abdulhamidu laƙabin Mailafiya, ko dai tsokana yake yi, ko kuma bai taɓa ganinsa a bakin filin ƙwallo ba. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, idanunsa kullum jajur saboda hayaƙin gawayi, ga murya wadda in ya ɗaga ta a tsakar unguwa sai an ji a bakin titi. Agashe, wato tsire, yake gasawa a gefen kasuwar riɗi ta Gadarif, sana'ar da ya koya wurin mahaifinsa, wanda ya sayar da shanunsa ya zauna a gari. Da hantsi yana yanka nama falle-falle yana barbaɗa masa ƙuli da yaji. La'asar na yi sai ya wanke hannu, ya rataya usur a wuya, ya nufi fili.

Shi ya kafa kulob ɗin unguwarsu, Taurarin Hilla, tun gemunsa bai yi furfura ba. Kulob ne da ba shi da ofis, ba shi da mota, rigunansa ma matarsa Adda Haliima ce ke wanke su ta shanya a kan danga. Abin da yake da shi kawai fili ne, filin kuma na baƙar ƙasar Gadarif. Da damina laka ce mai cire wa mutum takalmi. Ruwa na ɗaukewa, a yanke riɗi, sai ƙasar ta dare ta tsattsage, har mutum ya zura hannu zuwa gwiwar hannu bai taɓo ƙarshe ba.

Don haka Mailafiya ya kafa doka. Kowane ɗan wasa yana da kasonsa a fili, daidai wurin da yake bugawa. Mai tsaron gida nasa bakin raga, ɗan gefe nasa gefe. Kowa zai je rafi da daro, ya ɗebo yashi a ka, ya cike tsagar kasonsa ya daddaɓe. Duk iya ƙwallon yaro, ba ya sa rigar Hilla sai wuyansa ya san nauyin daro. Mutanen gari suna yi musu dariya suna ce musu 'yan yashi, amma daga wannan filin ake fitar da yaran da ƙwallo ke bin ƙafarsu.

Masu kuɗi kuma sun san haka, abin da ke ƙona ran Mailafiya ke nan. Kai ka tsinci yaro ba takalmi, ka ciyar da shi, ka yi faɗa da ubansa a kan ya bar shi ya zo atisaye, ka kai shi wurin mai ɗori in ya gurɗe. Ranar da ya fara zama mutum, sai ga mota mai baƙin gilashi ta tsaya a inuwar dalbejiya. Wani mai tumbi ya fito yana gyara rawani, ya kira yaron gefe, ya nuna masa takalmi sabo. Shi ke nan, an gama. Ba su taɓa ɗaukar daro ba, ba su san hanyar rafi ba, kuma wallahi ko kunya ba sa ji, har tsayawa suke yi a tukubarsa su ci agashe kafin su wuce da yaron.

Wanda tafiyarsa ta fi yi masa ciwo shi ne Waleed, ɗan gefen hagu, maraya, wanda ya girma a kan tabarmar gidan Mailafiya. Wani kulob na Khartoum ya ɗauke shi ana tsakiyar gasa, ko sallama bai tsaya yi ba. Ranar Mailafiya ya tara yara a tsakiyar fili.

"Midan ɗin nan, filin nan, nawa ne," ya ce. "Kason Waleed kada wanda ya zuba masa ko tafin yashi. A bar shi a buɗe, duk mai wucewa ya ga ramin da ya bar mana. Halas, magana ta ƙare!"

Daga nan abin ya zama al'ada. Duk wanda ya bar Hilla ya bi masu kuɗi, kasonsa zai zauna a tsage har ruwan damina ya rufe shi. Yara suka koyi tsallake wurin, 'yan kallo kuma suka riƙa nuna shi da baki suna kiran sunan mai shi.

A lokacin akwai Jatau, ɗan tsakiya, wanda dattawan unguwa har yau ke cewa ba a yi kamarsa ba. Shi ma masu baƙin gilashi sun neme shi, ya ce musu ba zai bar Ammu, wato Baffa, Mailafiya ba. A wannan ranin, wata la'asar, ya bi ƙwallo da gudu zuwa gefen hagu, ƙafarsa ta faɗa tsagar kason Waleed, jikinsa ya wuce ƙafar ta tsaya. Har na bayan raga sai da suka ji ƙarar ƙashin. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ƙafar ba ta sake miƙewa daidai ba.

Mailafiya ya yi kuka, ya tsine wa Waleed, ya tsine wa Khartoum da masu tumbinta. Ya ɗauki Jatau ya zaunar da shi a tukuba, ya koya masa yanka da gashi, ya tsaya masa har ya yi aure. Amma dokar nan bai janye ta ba, kuma duk unguwa ba a sami mai ƙarfin halin da zai ce masa uffan ba.

Da yaƙi ya ɓarke, mutanen Khartoum da na Jazira suka cika Gadarif, makarantu suka zama ɗakunan kwana. Mailafiya ya buɗe wa yaransu fili, ya miƙa musu daro kamar kowa. Cikin baƙin akwai wani Eltayeb, wanda a da aikinsa nemo wa manyan kulob 'yan wasa. Ya iso da jallabiya ɗaya a jikinsa da iyali a bayansa. Mailafiya ya tausaya masa, kullum sai ya ƙunshe masa agashe ya ce ya kai wa yara. Mutumin ya murmure, ya yi waya nan ya yi waya can, ya sami gindin zama a wani kulob na 'yan kasuwa a Bur Sudan. Rannan da azahar sai ga shi a tukuba da sabon rawani.

"Ya Hajj," ya ce, yana murmushi, "magana ce a kan Yasir. Nadi babba ne, kulob na gaske, akwai ciyawa, akwai dakta, akwai albashi. Walad, yaro irin wannan, haramun ne ya ƙare a kan yashi."

Yasir shi ne autan Mailafiya, shi ne kuma mai cin ƙwallon Hilla. Uban ya ajiye wuƙa a hankali, don ya san halin hannunsa.

"Kai zol, kai mutumin nan," ya ce, "da ka zo garin nan ƙafarka duk faso, wa ya ba ka nama? Ashe kana tauna namana idonka na kan ɗana! Ku ba ku da aiki sai jiran abin wani ya nuna? Tashi min daga nan tun ban watsa maka gawayin nan ba!"

Eltayeb ya tattara jallabiyarsa ya yi gaba, amma daga nesa ya waiwayo ya ce motar Bur Sudan ranar Juma'a da safe za ta tashi, kuma an riƙe wa yaron kujera.

A gida Yasir ya durƙusa gaban ubansa, kansa a ƙasa. "Yaba, ina so in je," ya ce. "Amma wallahi ba zan taka mota ba sai da albarkarka."

"To ka zauna ke nan. In kuwa ka tafi, kasonka zai zauna a buɗe kamar na Waleed, kuma ka nemi wani uban a can cikin masu tumbi."

Adda Haliima tana bakin murhu, ta juyo da muciya a hannu. "Baban Yasir, ka ji tsoron Allah. Ɗa ka haifa ko tulu, da za ka kafe shi wuri ɗaya?" Ya daka mata tsawa, ta koma kan tukunyarta, amma ranar tuwon da ta kawo masa ko gishiri babu a miyar.

Washegari Mailafiya ya fita kasuwa yana huci, yana ba duk wanda ya tsaya labarin butulcin Eltayeb. Jatau na gefe yana fifita wuta, ya jira har masu saye suka watse.

"Ammu, ka bar zagin mutumin nan," ya ce. "Ni na je har masaukinsa, na kawo shi midan, na nuna masa Yasir."

Mailafiya ya tsaya da tsinken nama a hannu. "Kai? Kai Jatau? Kai da suka karya?"

Jatau ya ɗage jallabiyarsa zuwa gwiwa. Ƙafar ta kanƙance, ta karkace kamar tsohuwar ƙotar fartanya. "Su wa suka karya ni, Ammu? Waleed yana Khartoum ranar. Ni da kaina na ɗebo yashi zan zuba a wurin nan, ka ƙwace daron ka kifar. Ka manta? Ni ban manta ba, kullum da ita nake tashi. Na yafe maka tuntuni, don ka yi min abin da uba ke yi. Amma ba zan zauna ina kallo Yasir ya zo ya karɓi maficin nan daga hannuna ba."

Fushi ya cika wa Mailafiya ciki, ya rasa wanda zai sauke wa. Ya yar da tsinken, ya bar nama na ƙonewa a wuta, ya tafi. Ranar bai busa usur ba.

Ranar Juma'a ya dawo daga sallar asuba ya tarar da jakar Yasir rataye a ƙusa, wayam. Daro ne babu a tsakar gida. Ya juya ya nufi fili.

Yana isa ya hango shi. Yasir ne tafe daga rafi, daro a ka, yashi na zubo masa a kafaɗa, ya nufi kasonsa na gaban raga. Yaron ya haƙura ke nan, ya zaɓi ubansa. Abin da Mailafiya ya nema ne, ga shi ya samu, amma ko kaɗan bai ji daɗi ba. A kan hanyar Yasir akwai kason wani yaro da ya bar Hilla a farkon ranin nan, yana nan a tsage bisa doka. Yasir bai ga ƙasa ba saboda daron, ya taka bakin tsagar, ƙasar ta gutsure, ƙafarsa ta zurma zuwa idon sawu. Ya yi tangaɗi, ya zaro ta, ya ci gaba da tafiya kamar ba komai.

Mailafiya bai san lokacin da ya ruga ba. Ya fizge daron daga kan yaron har yashi ya watsu a fuskokinsu.

"Wa ya aike ka? Wane mara hankali ne ya ce ka kawo ƙafarka nan?" Ya durƙusa ya kama idon sawun, ya murza, ya lanƙwasa, ya ga lafiya lau. Ya miƙe yana haki. "Ka tsaya kana kallona! Motar jiranka za ta yi? Je ka ɗauki jakarka!"

"Yaba, albarka fa?"

"Allah ya yi maka albarka. Allah ya tsare ƙafarka. Ka gaya wa masu tumbin nan ban yafe musu ba, kuma in suka zaunar min da kai a benci har Bur Sudan zan zo. Ɓace min da gani!"

Yasir ya kama hannun uban ya sumbata, ya juya da gudu. Mailafiya ya bi shi da harara har ya sha kwana, sannan ya goge ido da hannun riga, ya ce yashi ne ya shiga.

Har yau ra'ayinsa bai sauya ba. In ka zauna a tukubarsa zai gaya maka manyan kulob ɓarayi ne masu rawani, kuma ni ban ga inda ya yi ƙarya ba. Amma a safiyar nan mutanen da ke wucewa kasuwa sun ga dattijo mai furfura da daro a ka, yana kai da kawowa tsakanin rafi da fili, yana zage-zage shi kaɗai. Ya cike kason Yasir ya daddaɓe da ƙafa. Ya koma kan na yaron da ya gudu, ya cike shi ma.

Rana ta ɗaga sosai sa'ad da Jatau ya iso yana ɗingishi, ya zauna a gindin turken raga, ya miƙe ƙafar a gabansa. Mailafiya ya juye daron ƙarshe, ya tsaya yana riƙe da ƙugu.

"Ammu," in ji Jatau, yana nuni da haɓa wajen gefen hagu, tsohon kason Waleed inda ƙafarsa ta karye, "akwai wata can."

Mailafiya ya dubi wurin, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya sunkuya ya ɗauki daro, ya koma rafi.