Ranar da Muka Kai 'Yar Fari Gwallameji

Kwana uku na yi ina shirin tafiyar da ba ta wuce wuni ɗaya ba. Na wanke wa yara kayan sallarsu, na ƙulla daddawa da kuka, maigidana kuma ya kama zakaran da muke ji da shi ya ɗaure masa ƙafafu. Bauchi za mu, gidan yayansa a Gwallameji, kuma ba ganin gari ne zai kai mu ba. So muke ya karɓi riƙon 'yarmu ta fari ya sa ta makaranta a can, don tamu ta ƙauye malami ɗaya ya rage, shi ma sai ran da ya ga dama.

Shekararta tara a lokacin. Ba na kiran sunanta, "ke" nake ce mata, don a wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta yabe shi a gaban mutane. Haka na tarar ana yi. Amma na san abin da Allah ya ba ni. Yarinyar nan ko takardar ƙunshin ƙosai ta tsinta sai ta karance ta tas.

Tun daga tasha ta fara. Muna cunkushe a keke, ni da goyo, ƙanenta a cinyar ubansa, zakara yana ta fiffika a ƙafafunmu, ita kuwa duk allon shagon da muka wuce sai ta karanta shi da ƙarfi, na Hausa da na Turanci. Mai keke ya waiwayo yana dariya, ya ce ashe malama ya ɗauko. Na ce masa surutu ne dai ya yi mata yawa.

Gidan Yaya sabo ne, ƙasan duk tayil. Ƙanenta yana shiga ya zame ya faɗi, zakara kuma bai ga wurin kashi ba sai bakin falo. Matar gidan ba ta nuna komai ba, ta kawo mana shinkafa da lemo, ta miƙa wa yarinyar wani littafin 'ya'yanta mai hotuna. Yarinyar ta koma bayan ƙofa da shi, ba a sake jin motsinta ba.

Sai bayan azahar Yaya ya zauna da mu. Maigidana ya yi ta kewaye-kewaye, daga damina zuwa tsadar taki, kafin da ƙyar ya fito da maganar. Yaya ya juyo wajena.

"To, ke uwarta, yaya kan nata? Tana ja kuwa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Wannan? Ina fa, Yaya. Ba abin da ke shiga kan nan sai wasa."

Na faɗa ina jiran ya yi dariya ya ce a kira ta ya gwada ta, don haka ake yi. Shi ma ɗan fari ne. Da kunnena na sha jin surukata tana cewa ba ya tsinana komai, alhali shi ya gina mata ɗaki. Ya fi kowa sanin nufina.

"To ai shi ke nan, tunda uwarta ma ta faɗa," in ji shi. "Makarantun nan na birni ba sa jiran yaro. A bari ta ƙara wayo tukuna."

Maigidana ya zuba wa tayil ido, don ba ya musu da yayansa. Ni kuwa maganar tana bakina: ƙarya nake, a kira ta ta karanta. Kunya ta danne ta. Dama Yaya kuka yake nema, ni kuma na jefe shi da kashin awaki. Na tsane shi a ranar, amma na fi tsanar kaina. Da muka miƙe na ga yarinyar a bayan ƙofa, littafin a rufe a cinyarta, ta ji komai.

Don kada tafiyar ta tashi a banza, ubansu ya sa mai keke ya bi da mu ta Gwallaga, ya saya musu askirim. Ƙanenta ya shanye nasa har da lasar gwiwar hannu. Nata ya narke ya ɓata mata rigar salla. Ƙanen ya yi ta zungurarta yana nuna alluna, wai ta karanta masa kamar ɗazu. Ta ce ba ta iya ba.

Shekara biyar ke nan. Duk salla Yaya yana aiko da atamfa, maganar makaranta kuwa har yanzu a bari tukuna. Malamin nan ɗaya ma ya tafi. Yanzu tare muke suyar awara a ƙofar gida, ita ke yayyaga tsofaffin takardu tana ƙunshewa, ba ta ko kallon abin da ke jikinsu.

Kwanan baya muna mu biyu a gindin murhu na ce yau dai sai na gaya mata ba da gaske nake ba. Na ce, "Ke." Ta ɗago tana jira. Sai na ce ta miƙo min matsami.