Dish ɗin Oga Injiniya

Ko da zan manta sunan makarantar da na yi a Fatakwal, ba zan manta Asabar ɗin da muka tashi daga gidan hayarmu ba, saboda wani dish, kwandon nan na kama tashoshin talabijin, da ba namu ba.

Ina 'yar shekara takwas muka shiga gidan. Wanda ya zauna kafin mu ma'aikacin kamfanin mai ne, ana ce masa Oga Injiniya. A lokacin duk wanda kuɗin mai ya shigo masa sai ya kafa dish a tsakar gida, irin manyan nan na raga masu faɗin rumfar mai shayi. Ranar da muka iso da kayanmu, shi kuma yana ɗaure nasa. Ya dafa ƙarfen dish ɗin, ya roƙi Baba da Turancin buroka ya kula masa da shi, nan da sati biyu zai aiko a ɗauka. Baba ya ce to. Ni ina bayan Umma, ina kallon motarsa, farar Fijo mai ƙofa ɗaya shuɗiya.

Sati biyu suka zama shekara shida.

Baba dillalin shanu ne a kwatar Trans-Amadi. Yana saurayi aka yi gudun yaƙin basasa, shi da iyayensa suka bar garin da kayan jikinsu. Da suka dawo, wani maƙwabci ɗan gari ya jawo akwatin kakanmu daga ƙarƙashin gadonsa ya miƙa musu, ko kwaɗon bai taɓa ba. Tun daga nan ba a yi wa Baba wasa da ajiya. Dish ɗin ya tare wuri ɗaya tilo da rana ke sauka a gidan, a garin da ruwan sama ba ya hutawa, amma Umma ba ta isa ta shanya ko ɗankwali a jikinsa ba. Duk ƙarshen damina sai an kankare masa gansakuka. Mu kuwa ko talabijin ba mu da shi. Baƙi kan zo kallon ƙwallo, a ba su shayi, su kalli dish ɗin daga waje, su tafi.

Da Baba ya samu ciki da falo kusa da kwata, inda babu tsakar gida, sai mai gidan hayar ya zo, wani dattijo mai jin Hausa sama-sama.

"Alhaji, sabon ɗan haya ba ya son wannan kwando. Ka tafi da abinka."

"Ba nawa ba ne."

"To nawa ne?"

"Ba naka ba ne."

"Madalla. Asabar da yamma in na tarar da shi, 'yan gwangwan zan kira su yayyanka shi."

Baba ya aika kamfanin man, aka ce Injiniya ya daɗe da barin aiki. Ya sa aka yi cigiya a masallaci, wurin da Injiniya bai taɓa shiga ba. Ranar Juma'a Baffa, ƙanen Baba, ya zo taya mu ɗaure kaya, ya ce, "Yaya, a sayar da shi a yi wa mutumin sadaka mana."

"Wa ya ce maka ya mutu?" in ji Baba. Ko tuwon da aka ajiye masa bai buɗe ba.

Ni kuwa na san inda Injiniya yake. Shekara biyu ina wuce farar Fijo mai shuɗiyar ƙofa a wani gida kan hanyar makarantarmu. Ban faɗa ba don ba wanda ya tambaye ni, kuma ni ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya. Na faɗa wa Umma a kunne muna naɗe labule. Ta ajiye labulen, ta kalle ni.

"Shekara nawa kika ce?"

"Biyu."

"Shekara biyu ina shanya a kan kujera, ke kina gaisawa da motar? Tashi ki faɗa wa babanki da bakinki."

Na faɗa, kaina a ƙasa. Baba bai yi faɗa ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne wace ƙofa ce shuɗiyar. Na ce ta baya, ɓangaren direba. Ya ce shi ne.

Da safe mahauta huɗu suka zo daga kwata da sifana. Ba su taɓa kwance dish ba, amma sun saba da abu mai nauyi da ba ya son tafiya. Suka ciro shi ɗungurungum, suka ɗora a motar shanu, suka ɗaure da igiya. Aka sa ni gaba, tsakanin Baba da direba, ina nuna hanya da yatsa.

Da muka isa gidan, Injiniya ya fito da gajeren wando, ya yi furfura. Ya daɗe kafin ya gane Baba, ya fi daɗewa kafin ya gane dish ɗin. A saman rufinsa na hango wani ɗan ƙarami kamar faranti.

"Alhaji, me zan yi da wannan?" ya ce. "An daina yayinsa. Na manta da shi ma."

"Ni ban manta ba," in ji Baba.

Aka sauke shi a bakin ƙofa. Baba ya kama bakin igiyar da ke ɗaure da ƙarfen, ya miƙa masa. A kasuwar shanu, sa ba ya fita hannunka sai ka miƙa igiyarsa, ɗayan ya karɓa a gaban mutane. Injiniya bai san wannan ba. Ya ga an miƙo masa abu, ya karɓa.

"Kun shaida?" Baba ya ce wa mahautan.

"Mun shaida, Alhaji."

"To na ba ka shi kyauta," Injiniya ya ce da sauri. "Ka tafi da shi."

"Na gode ƙwarai. Allah Ya saka da alheri. Ba ni da wurin ajiyewa."

Muka shiga mota. Ta madubi na ga Injiniya tsaye da igiya a hannu, matarsa ta fito tana magana da hannu biyu. Ba wanda ya ce mana sannu da ɗawainiya. Kafin mu kai titi, Baba ya ce wa direba ya tsaya wurin mai ƙosai, yunwa yake ji.

Na daɗe ina jin haushin rashin godiyar nan, sai da na girma na daina. Ranar na koyi cewa mai riƙon amana ba godiya yake jira ba, kuma ba ruwansa da ko mai kayan yana son abinsa. Nauyi ne a wuyansa, shi ya san daɗin sauke shi.